Ranar da Hillie Ta Rufe Tagarta

Duk wanda ya bi ta layinmu zai iya hango cikin gidan Hillie Tammenga tun daga falo har lambun baya. Tagarta babba ce, ba labule, kamar ta kowa a ƙauyukan gabashin Groningen. Sai dai tata ta fi ta kowa ƙyalli, domin duk Juma'a sai ta fito da bokiti da tsohuwar jarida ta goge ta ciki da waje, ko da ana yayyafi.

'Yar lebura ce. Ubanta ya ƙare rayuwarsa a gonar wani attajiri, su kuwa yara suka tashi cunkushe a ɗaki biyu. Uwarsu ba ta taɓa rataya labule ba. Takan ce su talakawa ne, amma ba su ɗauki kayan kowa ba, mai son leƙe ya leƙa. Hillie ba ta daɗe a makaranta ba ta shiga masana'antar kwali, inda hannuwanta suka koyi sauri, kunnenta na hagu kuma ya koyi rashin ji. Can ta haɗu da Harm, direban motar madara, wanda kan tsaya a bakin ƙofar masana'antar yana yin kamar tayarsa ce ta sace. Da aka rufe masana'antar sai ta koma sharar makarantar firamare, ta yi ta yi har gwiwoyinta suka ce sun gaji. 'Ya ɗaya suka samu, Gea, wadda yanzu take aiki a Zwolle.

A shekarar da Hillie ta tare a layin, a shekarar aka kawo Fenna Boelens gidan da ke fuskantar nata. Fenna doguwa ce mai babbar murya, Hillie gajeriya ce mai magana ƙasa-ƙasa, kuma tun suna amare suke da al'ada guda. Da hantsi, wadda ta riga dafa kofi sai ta zo taga ta ɗaga buta. Ɗayar ta tsallako titi, ta zaga ta ƙofar baya, ta shigo ba ƙwanƙwasawa. Kowa biskit ɗaya, a rufe gwangwani.

"Gajeriya, wannan kofi ne ko ruwan wanke kofi?"

"In bai yi miki ba, doguwa, gidanki bai yi nisa ba."

A haka suka yi goyo, suka aurar, suka yi furfura. Da Harm ya rasu, Fenna ce ta hau kujera ta rataya fararen zannuwan gado a tagar Hillie, yadda iyayenmu suke yi in an yi rasuwa a gida, don mai wucewa ya sani ba sai an gaya masa ba. Bayan jana'iza ita ta sauke su, ta wanke, ta goge, ta mayar mata akwati.

Gea ce ta matsa a sa wa uwarta intanet, don su riƙa ganin juna a 'yar kwamfutar hannu in suna magana. Mutumin da ya zo haɗawa ya shigo da waya ta gefen taga, ya ajiye baƙin akwatin intanet ɗin, ya ce in koriyar fitilar nan ta koma ja a kira su. Hillie mace ce mai bin umarni. Ta ɗora akwatin a dandamalin taga tsakanin tukwanen furanninta biyu, ta juyo fitilun ciki don ta riƙa ganinsu daga kujerarta.

"Kin juya wa layi gindin akwati," in ji Fenna. "Shekara da shekaru muna kallon fure, yanzu sai wayoyi."

Hillie ta ɗauko wata magen tangaran ta kare wayoyin da ita. Magana ta ƙare. Akwai wata 'yar farar takarda manne a bayan akwatin, amma mai tsabta ce, ba ta dame ta ba. Dama bas yana tsayawa ne daf da tagar, akwai benci a wurin, kuma Hillie tana jin daɗin ganin masu jira suna kallon furanninta.

Wata safiya cikin kaka motar 'yan sanda ta tsaya a ƙofar gidan, aka danna ƙararrawar ƙofar gaba. A layinmu ba mai shiga ta gaba sai baƙo ko hukuma. Hillie ta buɗe ta ga Sietske, 'yar sandar unguwa, wadda ta sani tun tana zubar da madara a barandar makaranta. Tana sanye da kayan aiki, da wani ɗan sanda a bayanta.

"Inna Hillie, ki yi haƙuri, mu shigo?"

Suka zauna a falo, a gaban taga, domin ba wani wurin zama. Sietske ta yi bayani a hankali, tana karkata wajen kunnen dama. An daɗe wani yana tallar kekuna a intanet, mutane su biya, keke bai zo ba. Da aka bi sawu, sai aka ga daga layin intanet na gidan nan ake yin tallar.

"Kekuna?" in ji Hillie. "Ni da nawa ma tun da gwiwa ta hana ni yake jingine a rumfa?"

"Na sani, Inna. Amma dole mu duba kwamfutar."

Suka sa ta a leda mai nuna abin da ke ciki, suka fita da ita ta gaba. Hillie ta tsaya a bakin ƙofa tana goge hannu a rigar girkinta. Tsallaken titi ta hango Fenna tsaye a tagarta, hannu a baki.

Washegari da hantsi ta dafa kofi, ta zo taga, ta ɗaga buta. Falon Fenna ba kowa. Ta jira kaɗan, ta sake ɗagawa. Ta ga kamar inuwa ta gilma can ciki wajen kicin, amma ba a zo ba. Ta zauna ta sha kofinta ita kaɗai, ba ta buɗe gwangwanin biskit ba. Ta ce wa kanta wataƙila Fenna asibiti ta je, ai tana maganar ido. Kashegari ma haka.

A shagon burodi kuwa, tana shiga hira ta mutu. Matar mai burodi ta naɗe mata rabin burodinta tana kallon takarda. Eppo ne kaɗai ya yi magana, tsohon maƙeri mai kaɗa ƙararrawar coci, wanda bai taɓa sanin lokacin da wasa bai dace ba.

"Maƙwabciya, an ce kin buɗe kasuwa. Akwai keke mai giya uku? Ni ba ni da gaggawa, ko bai zo ba ba komai."

Wani ya yi dariya ya haɗiye. Hillie ta karɓi burodinta ta fito. Abin da Eppo ya faɗa bai yi mata zafi sosai ba, Eppo ne. Abin da ya tsaya mata a ƙirji shi ne, ba wanda ya ga fitar ledar nan da kyau sai mutum ɗaya. Ashe Fenna, wadda ta riƙe mata hannu a ɗakin haihuwa, za ta iya yarda cewa ita macuciya ce. Ta ci gaba da ɗaga butar duk da haka, kullum ƙasa-ƙasa fiye da jiya, har ta koma tana wucewa da ita kawai ta gaban tagar kamar ba da nufi ba.

Da Sietske ta dawo, a kan keke ta zo, cikin kayan gida, ana ruwa, ba kowa a titi. Ta jingine keken a bencin bas, ta sunkuya za ta kulle, sai ta tsaya tana kallon tagar. Ta ƙwanƙwasa gilashin.

"Inna, sa takalmi ki fito. Ki taho da tabarau."

Hillie ta fito da lema. Sietske ta zaunar da ita a bakin bencin, ta nuna mata da yatsa. Kusa da wutsiyar magen tangaran, ga farar takardar nan, tas da ita, gilashin kuwa kamar babu shi. Ana karanta komai: sunan intanet ɗin gidan, lambar sirrinsa, har da lambar da ake shiga cikin akwatin kansa a juya shi yadda ake so.

"Waɗannan lambobin da ya zo da su daga kamfani ne. Kin taɓa canza su?"

"Ana canzawa?"

"Wanda ya zauna a nan da wayarsa, sau ɗaya zai ɗauki hoto. Daga nan ko a mota yake can bakin kwana, ya shiga. Duk abin da ya aikata, gidanki zai nuna." Ta dafa mata kafaɗa. "Ga kwamfutarki na dawo miki da ita, ba komai a ciki sai hotunan jikoki da yanayin gari. Ba ki da laifi, Inna, an rubuta haka."

"An rubuta a ina?"

"A ofis."

Hillie ta dubi layin, gidaje a jere, tagogi a buɗe, ruwa yana zuba. Ba wanda yake zuwa ofis ya karanta.

Da yamma ta kira Gea. Gea ta yi ta faɗa, rabi da ɓarawon rabi da kanta, ta ce ai laifinta ne da ba ta duba ba, ta ce a cire akwatin daga wuta, za ta zo ƙarshen mako ta gyara komai. Hillie ta zare wayar, koriyar fitila ta mutu. Ta zauna a kujerarta. Bas ya tsaya, wani saurayi ya sauka ya dubi furannin, sai ta kau da fuska. Duk watannin nan tamkar wani yana zaune mata a falo, tana tsefe gashi, tana gyangyaɗi baki buɗe, tana ɗaga wa masu jiran bas hannu. Wataƙila shi ma ta ɗaga masa.

Ba ta da labule, ba ta taɓa saya ba. Abin da ke gidan mai faɗin da zai rufe tagar nan zannuwan ne kawai. Ta tsaya gaban akwatin tufafi tana tunani, domin ta san abin da farin zane a taga yake nufi. Amma wa ya rage da ya sani? Yaran yanzu za su ce fenti ake yi. Fenna ce da Eppo, su kuwa ɗaya ba ya ganin komai sai abin tsokana, ɗaya ta daina duba wannan gefen. Ta jawo kujera ta hau da ƙyar, ta rataya su a ƙusoshin da suke nan tun rasuwar Harm.

Da safe ba ta shiga falo ba. Tana zaune a kicin tana fere dankalin rana, sai ta ji gudu a lungun baya, mabuɗi yana ta karo da ƙofa ya kasa samun rami. Ƙofar ta bugu da bango. Fenna ce, da silifas, gashi a barbaje, rigar barci a ƙarƙashin kwat. Bayanta Eppo, cikin baƙar rigarsa ta jana'iza, hula a hannu.

Fenna ta tsaya cak. Ta dubi Hillie, ta dubi wuƙar, ta dubi dankalin.

"Kina da rai."

"Da safen nan dai, eh."

"Kina da rai kike fere dankali! Ke wace irin muguwar tsohuwa ce?" Ta jawo kujera ta zube a kai ta rufe fuska da hannu biyu.

"Ni fa na gaya mata," in ji Eppo. "Na ce Fenna, gawa ba ta hawa kujera ta rataya zane. Ta ce in rufe mata baki in sa riga."

"Na zata ke kika rataya da kanki," Fenna ta faɗa ta cikin yatsu. "Tun kafin ki cika. Don kada ki ba kowa wahala. Ai halinki ne, za ki iya."

Hillie ta ajiye wuƙar.

Eppo ya juya hularsa. "To yanzu ni ya zan yi? In kaɗa ƙararrawa ko in bari? Na riga na shafa wa igiya hannu."

"Ka kaɗa wa kanka," in ji Hillie. "Zauna ko ka fita, kana shigo min da sanyi."

Ya zauna. Hillie ta tashi ta ɗora ruwa, domin ba ta san me za ta yi da hannuwanta ba. Tana ba su baya ta ce, "Na ɗauka kin daina duba tagata."

"Daina dubawa? Ni da nake tsaye bayan firji kamar ɓarauniya ina kallonki kina ɗaga buta?"

"To me ya hana ki zuwa?"

Fenna ta share hanci da hannun kwat. Ranar da 'yan sanda suka zo, in ji ta, hankalinta ya tashi, ta je sayen burodi, matar mai burodi ta ce lafiya, sai ta faɗi abin da ta gani. Iyakarta ke nan, mota da leda. Kafin azahar maganar ta dawo mata ta bakin wata, an ce Hillie ta yi shekaru tana damfarar mutane, har an ga kekuna cike da rumfarta.

"Keke ɗaya ne, shi ma ba iska," in ji Hillie.

"Na sani! Ni na kai maganar, gajeriya. Da wane ido zan zauna in ci biskit ɗinki?"

"Wato ba yarda kika yi ba."

"Yarda da me? Ke da sai na zo na mayar miki da tasha in kin danna abin talabijin ba daidai ba? Ke za ki cuci wani a intanet?"

Hillie ta juyo. Ta so ta yi fushi, ta neme shi ta rasa. Ta ɗauko gwangwani ta buɗe ta tura tsakiyar tebur, sannan ta ba su labarin Sietske da benci da farar takarda. Eppo ya tashi ya je falo, ya ɗage zanen ya duba bayan akwatin, ya dawo yana kaɗa kai.

"Laifin gogewar nan ne. Da irin tagata ce, ko sunan gidan ba za su gani ba."

Fenna ba ta yarda a jira ƙarshen mako ba. Ta ce ba za ta sake kwana tana fuskantar farin zane ba. Aka kira Gea a wurin aiki, aka sa wayar a tsakiyar tebur, tsofaffi biyu suka haɗa kai a kan kwamfutar, kowace da tabaranta. Eppo aka ba shi aikin ƙarfi. Ya janye wayar akwatin daga taga, ya kai shi kan kanta a cikin baranda, inda ba a hango shi daga ko'ina, ya mayar masa da wuta.

"Mama, lamba biyu za ki canza," in ji muryar Gea. "Ta shiga intanet ɗin, da ta akwatin kansa. Kada su zama iri ɗaya. Kuma ban da ranar haihuwata, ban da sunan Baba."

"To me ya rage?"

"Magana mai tsawo, wadda ba wanda zai yi tunaninta. Ki haɗa abubuwan da ba su da dangi da juna."

"Sa 'Eppo kyakkyawa ne'," in ji Eppo daga baranda. "Ba wanda zai taɓa tunaninta."

"Fita lambu," suka ce tare.

Ya fita. Suka daɗe suna raɗa, suna musu, Fenna ta fashe da dariya har ta yi tari. Hillie ta shigar da abin da yatsa ɗaya, ta yi kuskure, ta sake. Gea ta sa su nemo inda ake sabunta manhajar akwatin, ta sa su kashe wani maɓalli da ke barin baƙo ya shiga ba lamba, ta ce sauran ita za ta duba in ta zo. Akwatin ya mutu, ya yi ta ƙifce-ƙifce, sannan ya dawo.

Fenna ce ta hau kujera ta sauke zannuwan. Haske ya cika falon har suka runtse ido. A tsallaken titi mutum biyu da ke tsaye suna kallon gidan suka yi saurin kama hanya.

"Kin gani," in ji Hillie. "Kafin rana ta yi tsaka an binne ni."

Fenna ta sauko, ta dubi silifas ɗinta da rigar barcin da ke leƙowa. "Ba ni takalmi aro. Ke kuma sa kwat ɗinki mai kyau, shuɗin."

"Ina za mu?"

"Shagon burodi. Ni na kai musu maganar, ni zan je in karɓo abata."

"Takalmina ba zai shige ki ba, doguwa."

"Zan take bayan."

Suka fita ta ƙofar gaba. Fenna ta saƙalo hannun Hillie cikin nata ta riƙe gam, ta rage tsawon takunta don gwiwar Hillie. A hanya ta gaishe da duk wanda suka gani da ƙarfi, har waɗanda ba ta shiri da su. Shagon a cike yake, lokacin fitowar burodi mai zafi ne. Fenna ta tura ƙofa da kafaɗa ba ta saki hannun ba.

"Kowa ya tsaya inda yake," ta ce. "Ranar nan na faɗi rabin magana a nan. Yau na zo da sauran, ga kuma mai ita."